Yadda Ake Sarrafa Janareta da Kula da Shi Ba Tare da An Yi Asarar Rai ko Dukiya Ba

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Garwa ya san yadda ɗauke wuta yake da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu: zafi ya haura digiri 40, fanka ta tsaya cak, mai sayar da ƙanƙara na tsaye yana kallon jarinsa yana narkewa. Kaso mai yawa na wutar da arewacin Kamaru ke sha daga madatsar ruwa ta Lagdo take fitowa, wadda aka kammala a kan kogin Binuwai a 1982, mai injuna huɗu da ke ba da megawat 72 idan ruwa ya cika. Shekarar da damina ta gaza, ruwan ya ja baya, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka buɗe a Marwa da Gidar a 2023 sun kawo sauƙi, amma har yau da wuya ka samu asibiti ko gidan burodi ko shagon walda da ba shi da janareta a ajiye. Mu a nan “gurup” muka fi ce masa, saboda Faransanci.

Wayarin da gyaran injin wuta su ne sana'ata. Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina shiga gidajen mutane shi ne, yawancin ɓarnar janareta a mintuna biyar na farko bayan ɗauke wuta ake ƙulla ta. Duhu ya yi, yara na kuka, maigida ya fito da tocila a baki yana son wuta ta dawo yanzu-yanzu, sai ya tsallake mataki ɗaya. Don haka zan bi aikin daki-daki yadda nake koya wa yaran shagona, in kuma daɗe a wuraren da ake rasa rai.

Inda za a ajiye shi

Wata asuba cikin azumi aka kira ni wani gida a unguwar Yelwa, wai inji ya mutu cikin dare. Na tarar da shi a cikin zaure, ƙofar waje an danna mata sakata, ta ciki kuma a buɗe tana kallon ɗakin samari. Biyu daga cikin yaran suna zaune sun riƙe kai, ɗaya ya yi amai. Na ce, “Alhaji, a bar maganar inji tukuna, a kai yaran nan asibiti.” Ya ce, “Malam, zazzaɓin sauro ne, tun jiya suke kukan ciwon kai.” Na ce, “Ranka ya daɗe, hayaƙi ne. Injin nan lafiyarsa ƙalau, mai ne ya ƙare masa.” Da man ya kai safiya, da wani labarin ake yi a gidan.

A cikin hayaƙin kowane inji mai ƙona fetur ko gas, wato dizal, akwai wata iska, kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sama da sau 200, saboda haka mutum yana numfashi amma jikinsa ba ya samun abin da yake buƙata. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da ruɗewa, wato daidai abin da kowa zai kira zazzaɓi. Wanda ke barci kuwa ba ya jin komai, ba ya ma farkawa.

To, a waje ake ajiye janareta, a fili, aƙalla mita 6 daga kowace ƙofa ko taga, bakin salansa yana kallon inda babu mutane. A duba tagar maƙwabci ma, domin hayaƙi bai san katanga ba. Zaure, kicin, ƙarƙashin bene, gareji, shagon da aka sauke ƙofarsa rabi, duk ba wurinsa ba ne, kuma buɗe taga ba ya wadatarwa. A bazara da ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kada inji ya kwana kusa da masu barci. Tsakar gida mai dogayen katangu a daren da ba iska tana riƙe hayaƙi kamar ɗaki.

Na san dalilin da ya sa ake shigar da shi ciki: ɓarayi. Maganin wannan keji ne na ƙarfe, mai walda ya haɗa maka, a dasa shi a siminti, a sa sarƙa da kwaɗo mai kyau. A yi masa rufin kwano saboda rana da ruwan sama, a bar gefuna huɗu a buɗe, a bar kamar mita ɗaya tsakaninsa da kowane bango. Daɓen ya ɗan tashi daga ƙasa don kada ruwan damina ya kwanta a ƙarƙashi, kuma ya zama a miƙe, domin injin da ya karkata ba ya samun baƙin mai daidai. Kada a lulluɓe shi da leda ko tamfol yana aiki.

Idan ka samu wanda hayaƙi ya buge, buɗe ƙofofi, kashe injin, fitar da shi fili, ka kai shi asibitin da ke da oksijin ko da ya ce ya ji sauƙi. Madara da manja da ake ɗura wa mutane ba sa fitar da wannan iska daga jini, kuma ɗura wa wanda bai farfaɗo ba abu yana iya shaƙe shi. Akwai 'yar na'ura mai batir da ke ƙara idan ta ji wannan iska. Mai hali ya rataya ɗaya kusa da ɗakin kwana.

Lissafin abin da zai ɗauka

Kafin ka sayi inji, ko kafin ka ɗora wa wanda kake da shi kaya, ɗauki takarda. A bayan kowane kayan wuta an rubuta wat nawa yake ci. Misali: ƙwan fitila na LED guda 10, wat 100, fanka huɗu, wat 280, talabijin, 100, firji, 150, injin jan ruwa mai doki ɗaya, 750. Jimla wat 1,380. Amma duk abin da ke da mota a ciki, irin firji, firiza, na'urar sanyaya ɗaki da injin ruwa, lokacin tashinsa yana fizgar ninki uku ko fiye na abin da yake ci idan ya daidaita. Sai ka ɗauki mafi girma, injin ruwa ke nan, ka ƙara wat 1,500, wato ninki biyu a kan 750 ɗin da ka riga ka lissafa. Ka tashi da kusan 2,900.

Yanzu duba injin. Lambar kVA, awon ƙarfin inji da aka manna masa, ba ita ce wat ba. A ƙa'idar da aka saba, ana ninka ta da 0.8, saboda haka mai kVA 3.5 yana ba da wat 2,800 ne, ya gaza kaɗan ga lissafin nan, mai kVA 5 kuma wat 4,000. Babbar lambar da ke jikin tanki sau da yawa ta ɗan lokaci ce. Ka nemi ƙaramar farantin da ke gefen injin, a nan aka rubuta abin da zai iya ɗauka awa da awanni. Kuma masu ƙera injuna a zafin digiri 25 suke auna ƙarfinsu. A zafin Garwa ko Marwa ba zai kai haka ba. A Ngaundare kuwa, da ke kan tudu sama da mita 1,000, iska ta fi sauƙi, ƙaramin inji yana rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. Shawarata kada kaya su wuce kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na ƙarfin injin. Dutsen guga da hita, kowannensu na iya cin wat 1,000 ko fiye shi kaɗai. A bar su sai wutar gari ta dawo.

Haɗa shi da wayoyin gida

Nan ne wuri na biyu da nake faɗa da mutane. Akwai waya mai kai biyu da ake haɗawa a kasuwa: kai ɗaya a jikin janareta, ɗayan a soket ɗin bango, gida duka ya kama. Idan akwai irinta a gidanka, yanka ta yau. Kan da ke hannunka ƙarfensa tsirara ne kuma ɗauke da volt 220. Wannan ɗaya. Na biyu, idan aka manta ba a sauke babban makunnin mita ba, wutar injinka za ta bi waya ta fita titi ta shiga taransifoma ta baya, ita kuma ta ɗaga ta zuwa dubban volt. Ma'aikacin da ya hau falwaya yana gyara da tabbacin an yanke layi, wutarka ce za ta same shi. Na uku, ranar da wutar gari ta dawo ta yi karo da ta injin, kwayil ya ƙone, wani lokaci har da gobara.

Abin da ake sawa shi ne makunnin sauya wuta, wanda masu aikin wuta a nan ke kira inverseur. Matsayi uku gare shi: wutar gari, sifili a tsakiya, janareta. An ƙera shi yadda ba zai taɓa haɗa biyun lokaci ɗaya ba, ko mutum ya manta, ko yaro ne ya taɓa. Ka tabbata wanda za a sa maka yana yanke wayar wuta da ta nutural duka. A gida mai layi uku, mai baki huɗu ake sawa. Ƙwararre ne zai ɗaura shi, bayan mita, kafin akwatin rarraba wuta. Ka roƙe shi ya ƙara ɗan ƙwan fitila a ɓangaren wutar gari don ka ga lokacin da ta dawo.

Wayar da ta taso daga inji ta zama ta jan ƙarfe na gaske mai kauri. Inji mai kVA 5 yana iya tura kusan amfiya 23, saboda haka waya mai milimita 4 ce mafi ƙanƙanta da zan yarda da ita, idan da nisa kuma a sa mai 6. Kada a bar ta a naɗe yayin aiki, naɗaɗɗiyar waya zafi take tarawa. Kada a bi da ita ƙarƙashin darduma ko ta inda ruwan wanke-wanke ke bi.

Sai sandar ƙasa. A jikin firam ɗin injin akwai noti mai alamar ƙasa. A kafa sanda mai rufin jan ƙarfe, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a haɗa ta da notin. Ƙasarmu da rani tana bushewa ƙayau, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta sosai, don haka a riƙa zuba wa gindin sandar ruwa. A akwatin gida kuma a sa bireka mai jin yoyon wuta, na miliamfiya 30, a riƙa danna maɓallin gwajinsa duk wata, a gwada shi kuma lokacin da gida ke kan janareta. Idan wuta ta kama mutum, kada ka taɓa shi da hannu. Kashe injin, ko ka ture wayar da busasshen itace.

Masu injin niƙa da famfon burtsatse mai layi uku, ku kula da jerin layukan ranar haɗi na farko. Idan aka musanya biyu, mota baya za ta juya. Kuma a raba kayan gida daidai a kan layukan uku, kada a jibge su a ɗaya.

Tayarwa da kashewa

Ga jerin da nake so kowa a gida ya haddace, har da uwargida da manyan yara, tun da ba kullum maigida ke nan ba:

1. Mayar da makunnin sauya wuta sifili, ka sauke birekar da ke jikin injin. Inji ba ya tashi da kaya a kansa.
2. Haska ƙarƙashinsa. Ɗigon fetur, ɗigon baƙin mai, wayar da ɓera ya ci, tsumman da aka manta a kan salansa.
3. Zaro sandar auna baƙin mai, goge, mayar, sake zarowa. A ƙananan injuna man yana kaiwa bakin ramin ne. Wannan kowace rana ake yi, ko jiya ka duba.
4. Duba fetur. In za ka ƙara, yanzu ne, tun injin na da sanyi.
5. Buɗe famfon mai, rufe cok idan injin ya huce, kunna makunni. Ja igiya a hankali har ka ji ta yi tauri, sannan ka fizga, ka mayar da ita da hannu, kada ka sake ta ta koma da ƙarfi. Mai makulli kuma kada ka riƙe shi fiye da daƙiƙa biyar; in bai tashi ba, jira kaɗan ka sake.
6. Da ya kama, buɗe cok a hankali. Bar shi minti biyu ko uku ya daidaita. Agogon ya nuna volt 220 zuwa 230.
7. Ɗaga birekar injin, juya makunni zuwa janareta, sannan ka kunna kaya ɗaya bayan ɗaya, babba da farko. Ka saurari muryar injin bayan kowanne.

Idan ka ji muryar ta nutse, fitilu suka dushe, baƙin hayaƙi ya fito, kaya sun yi yawa, rage. Wutarmu mai Hz 50 ce, wato tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ƙaramin inji yana juyawa sau 3,000 a minti don ya ba da ita, manyan na gas kuma 1,500. Injin da ya gaji yana juyawa ƙasa da haka, kuma wannan wutar mara ƙarfi ita ke kashe kwamfuresan firji.

Kashewa kuma ta baya ake bi: kashe manyan kaya, makunni zuwa sifili, sauke bireka, bar injin ya yi minti biyu zuwa uku ba kaya ya huce, kashe shi, rufe famfon mai. Idan wutar gari ce ta dawo, kada ka yi saurin komawa kanta. Ba ta minti biyar, domin sau da yawa takan zo ta koma, ko ta zo da ƙarfin da ya wuce kima. Barin inji ya mutu don kansa saboda ƙarewar mai alhali kaya na kai ma illa ne. Wutar tana hawa tana sauka kafin ya tsaya, kuma hakan na lalata na'urar daidaita volt ta injin, wadda ake kira AVR.

Maganar mai

Ba a zuba wa inji fetur yana aiki, ba a zuba masa yana da zafi. Kashe shi, jira minti goma zuwa sha biyar. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe, yana iya kaiwa ga kurfotin da ake dafa shayi a can gefe. Haske da tocila za a yi, ba ashana ko fitilar ƙwai ba. A yi amfani da mazurari, a bar ɗan sarari a saman tanki, a goge abin da ya zube kafin a tayar. Jarkar mai a inuwa take zama, nesa da inji da kicin da ɗakin kwana, kuma kada a zuba fetur a gorar ruwa ko kwalbar lemo inda yaro zai ɗauka ya sha.

Kowa ya san yawancinmu zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, muke saye a bakin titi. Matsalarsa ga inji ita ce ƙura da ruwa da gauraye. In shi ka samu, bar jarkar ta kwana a ajiye, ka tsiyaya ta sama ta cikin ƙyalle mai tsabta, ka bar na gindin. Ruwa ƙasa yake kwanciya. Ƙaramin inji irin Tiger da ake gauraya masa mai, a bi awon da littafinsa ya faɗa. Yawanci mililita 20 na man gaurayawa mai suna 2T ne a lita ɗaya ta fetur. Awo da ido shi ke toshe salansa ko ya ƙone fistin.

Bokitin yashi ya zauna kusa da kejin kullum, mai hali ya ƙara tukunyar kashe gobara mai hoda. Ba a watsa wa wutar fetur ruwa, yaɗa ta yake yi. Lambar 'yan kwana-kwana a Kamaru 118 ce.

Juye, matata da fulogi

Inji da awa ake lissafa masa, ba da wata ba. Sabo fil, a juye baƙin mai bayan awa 20 na farko, domin ɓarɓashin ƙarfe na sabunta yana ciki. Bayan nan littattafan injuna masu kyau suna cewa awa 100, amma a zafinmu da ƙurarmu ni awa 50 nake ba mutane shawara, musamman masu sauƙin kuɗi. Mai tayar da inji awa biyar kullum, kwana goma ke nan. A juye man yana da ɗumi don ya fita da datti. A zafin nan mai kauri irin 15W-40 ya fi dacewa, kuma na cikin rufaffiyar gora, domin wanda ake aunawa daga buɗaɗɗen duro ba ka san tarihinsa ba. Tsohon man a tara shi a jarka, kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya.

Matatar iska ita hunturu ke kashewa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe Binuwai, duba ta duk mako. Ta soso a wanke da sabulu, a bar ta ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a matse. Ta takarda a kaɗe ta a hankali, in ta yi baƙi a canza. Kada a cire ta a ce inji ya fi numfashi. Ƙurar da ta shiga kamar yashi take goge ringi. Fulogi a ciro shi duk awa 100, a goge, tazarar bakinsa ta zama milimita 0.7 zuwa 0.8. Injin da zai yi wata ba a taɓa shi ba, a kwance notin da ke gindin kafireta a zubar da man ciki, in ba haka ba ya daskare ya toshe jet.

Babban inji da allonsa

A asibitoci, otal-otal, bankuna da manyan gidaje, inji mai gas ne, gazuwal kamar yadda muke cewa, kuma yana da allon sarrafawa, irin na kamfanonin Deep Sea, ComAp ko SmartGen. Maɓallan kusan iri ɗaya ne: ja mai alamar O na tsayarwa da share ƙararrawa, mai hoton hannu na sarrafawa da kanka, mai rubutun AUTO, da kore mai alamar I na tayarwa. A AUTO allon ne ke gadin wutar gari. Idan ta ɗauke, yakan jira 'yan daƙiƙu ya tabbatar, ya tayar da inji, ya bar shi ya daidaita, sannan ya sauya gidan zuwa kansa. Idan ta dawo, ya jira ya ga ta zauna, ya mayar da gidan, ya bar injin ya huce ba kaya kafin ya kashe. Masu gadi da yawa suna ganin wuta ta dawo inji bai mutu ba, sai su danna jan maɓallin gaggawa. Kada a yi haka. Hucewa yake yi, kuma injin mai tarbo yana buƙatar waɗannan mintuna uku zuwa biyar.

Haɗarin AUTO shi ne injin da ke shiru yana iya tashi ba sanarwa, hannunka na cikin fanka. Kafin kowane aiki, ko da goge ƙura ne: danna O, danna maɓallin gaggawa, kashe cajar batir, cire kan batir na nagetif, ka rataya takarda a allon cewa ana aiki. Nagetif ake fara cirewa, shi ake mayarwa ƙarshe. Ka tuna akwatin sauya wuta yana ɗauke da wutar gari ko inji na kashe. Yaran shagona sun san ba na yafe wannan, kuma babbar riga ko rawani mai jela ba sa zuwa kusa da fambel.

Idan allon ya kashe injin da kansa, karanta alamar kafin ka share ta. Buta mai ɗigo, ƙarfin baƙin mai ya faɗi: duba mai, nemi yoyo. Ma'aunin zafi a cikin ruwa, inji ya yi zafi: duba fambel, duba ko ƙura ta toshe lagireto, kuma kada ka buɗe murfinsa sai ya huce sarai, tafasasshen ruwa ne zai watso maka a fuska. Hoton batir, ba ya caji. A allon Deep Sea zomo na nufin gudu ya wuce kima, kunkuru kuma gudu ya gaza, wanda yawanci kaya ne suka yi yawa ko matatar gas ta toshe. In ya gwada tashi sau uku bai kama ba zai tsaya ya nuna alama. Duba batir da gas, domin wataƙila ya sha iska, sai an fitar da ita ta ɗan famfon hannu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne makanikin da zai cire wayar na'urar jin ƙarfin mai don ƙararrawa ta yi shiru. Na taɓa buɗe injin da aka yi wa haka. Kwana kaɗan ya yi ya buga, kuɗin gyaransa ya kusa kuɗin wani.

Baƙin mai da matatunsa a irin wannan inji yawanci duk awa 250 ake canzawa, ko sau ɗaya a shekara in bai kai ba. A tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin matatar gas duk mako, musamman da damina, kuma a riƙa barin tanki a cike don raɓa ta rasa wurin taruwa. A lagireto ruwan sanyaya inji na gora ake sawa. Ruwan rijiya yana barin ƙanzo a ciki. Kada a nemi yoyon bututun injekta da yatsa inji na aiki, ƙarfin man yana huda fata. Batir mai lafiya a huce yana nuna volt 12.6, in ya sauka ƙasa da 12.4 yana son caji, kuma zafinmu yana cin batir da wuri, don haka a riƙa duba ruwansa da tsatsar kawunansa. Mafi yawan kiran da nake samu na “inji ya ƙi tashi” batir ne.

Injin gas ba ya son zaman banza, ba ya kuma son ƙaramin kaya. Wanda ke yini yana ɗauke da ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinsa, za ka ga baƙin ruwa mai maiƙo yana ɗiga daga salansa, gas ne da bai ƙone ba. Ko a watannin da wuta ta zauna, a tayar da shi duk mako na 'yan mintuna, sau ɗaya a wata kuma a sauke makunnin wutar gari da gangan, a ga ya tashi da kansa, ya ɗauki gidan na rabin awa, ya mayar. A zaɓi safiya, lokacin da ba a tiyata, ba a tsakiyar aiki.

A rataya littafi da biro a cikin kejin. Kowane tashi a rubuta kwanan wata, awar da agogon injin ya nuna, litar da aka zuba, da alamar da allon ya nuna in akwai. Bayan kowane gyara kuma, kafin ka bar wurin, saki maɓallin gaggawa, mayar da kan batir, kunna caja, danna AUTO, ka tsaya har ka ga fitilarsa ta kama.